Lafiyar Hantsar Saniya Daga Makwancinta Take Farawa

Gabatarwa

Ɗan'uwa makiyayi, idan saniyar tatsa ta wayi gari da kumburarriyar hantsa, tana harbi ba ta yarda a taɓa ta, tambayar da akasarin masu shanu ke fara yi ita ce wace allura za a sayo. Kaɗan ne ke komawa su dubi wurin da saniyar ta kwana. Ra'ayinmu shi ne an juya wannan al'amari a baibai. Kuɗi da lokacin da ake ɓatawa wajen neman magani bayan ciwo ya bayyana sun fi dacewa da a kashe su wajen gyaran makwanci tun kafin ya bayyana. Duk wanda ya tsayar da shanunsa wuri guda domin sana'ar madara, to ya sani cewa shebur da baro suna cikin kayan kiwon lafiyar garkensa, kuma aikinsu yana gaban na sirinji.

Abin da ya canza a kiwonmu

A kiwon da muka gada, shanu ba sa daɗewa suna kwana a wuri ɗaya. Makiyayi kan tayar da shingensa ya matsa gaba idan ƙasa ta jiƙe ko kashi ya taru, manomi ya samu taki a gonarsa, rana kuma ta busar da wurin da aka bari. Wannan ƙaura da ake yi a kai a kai tana raba saniya da ƙazantarta, ko da ba da wannan niyya ake yin ta ba.

A yau lamarin ya sauya a wurare da dama. Gonaki sun cinye burtali da makiyaya, wasu jihohi sun kafa dokar hana kiwon sake, kamar yadda Binuwai ta yi a shekarar 2017, sannan cibiyoyin karɓar madara irin waɗanda ke Fashola da Iseyin a Jihar Oyo sun sa makiyaya da yawa sun zauna kusa da inda za su sayar da abin da suka tatsa kowace safiya. Gwamnatin Tarayya ma ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo a shekarar 2024. Zama wuri guda yana da alfanu mai yawa, amma yana zuwa da sharaɗi. Saniyar da a da take sauya makwanci, yanzu tana kwana a turke ɗaya wata da watanni, wani lokaci shekaru. Tsaftar da tafiya take samar mata a kyauta, yanzu sai ka samar mata da hannunka.

Irin shanun ma ya fara canzawa. Bunaji ko Bokolo da ake tatsar lita ɗaya zuwa biyu a rana, hantsarta ƙarama ce kuma a ɗaure take can sama. 'Yar ruwa-biyun da aka samu daga haɗa Bunaji da Firiziyan tana ba da ninkin wannan sau da dama, amma hantsarta babba ce, tana kusa da ƙasa, kuma ta fi saurin kamuwa da ciwo. Wanda ya sayi irin wannan saniya da tsada ya ɗaure ta cikin caɓi, ya yi cinikin asara.

Yadda ciwon ke shiga

Hantsar saniya kashi huɗu ce, kowane kashi da kan nononsa, kuma madarar wani kashi ba ta haɗuwa da ta wani. A ƙarshen kowane kan nono akwai 'yar ƙofa wadda wata tsoka ke tsuke ta. Kusan duk ƙwayoyin cutar da ke haddasa ciwon hantsa ta wannan ƙofa suke shiga. Idan aka tatsi saniya ko maraƙi ya sha, ƙofar takan saki, ba ta komawa ta tsuke sosai sai bayan rabin awa ko fiye. Idan saniya ta kwanta a kan kashi da fitsari cikin wannan lokaci, an buɗe wa cuta hanya.

Ka tuna kuma cewa saniyar tatsa mai lafiya tana kwanciya awa goma zuwa sha huɗu a yini da dare. Wato kimanin rabin rayuwarta kan nononta yana manne da abin da ka shimfiɗa mata, ko abin da ka ƙi kwashewa. Hannun mai tatsa yana taɓa nonon na 'yan mintoci ne kawai a rana.

Masana sun kasa ƙwayoyin wannan ciwo gida biyu. Na farko su ne masu yaɗuwa daga saniya zuwa saniya lokacin tatsa, ta hannu ko tsumma ko injin tatsa, kuma fitacciya a cikinsu ita ce Sitafilokokas. Na biyu su ne mazauna kashi da danshi da ruɓaɓɓen ciyayi, irin su Ikolai da Kilebsiyela da wani nau'in Sitireftokokas da ke son tattaka. Waɗannan na biyun su ne na makwanci. Abu uku suke buƙata su hayayyafa, wato danshi da ɗumi da abinci, kuma jiƙaƙƙen makwanci a ƙasa mai zafi irin tamu ya haɗa duka. Ikolai kan ninka kanta cikin kimanin minti ashirin idan ta samu yanayin da take so. Saboda haka shimfiɗar da take da kyau da yamma tana iya zama matattarar cuta kafin gari ya waye, muddin ta jiƙe.

Akwai darasi daga Ingila. A shekarun 1960 masana a can sun fito da tsari mai matakai biyar na yaƙi da ciwon hantsa: yi wa mai ciwo magani da wuri, tsoma kan nono cikin magani bayan tatsa, sa magani a hantsa lokacin da aka daina tatsar saniya, fitar da masu ciwon da ya ƙi warkewa daga garke, da kula da injin tatsa. Tsarin ya yi nasara ƙwarai wajen rage ƙwayoyin da ke yaɗuwa lokacin tatsa. Sai dai bayan haka ƙwayoyin makwanci ne suka zama kan gaba a gonakinsu, domin babu ɗaya daga cikin matakan biyar da ya shafi wurin kwanciya. Bai kamata mu jira mu maimaita wannan kafin mu ɗauki darasin ba.

Asarar da ake gani da wadda ba a gani

Ciwon da ya fito fili kowa ya san shi: hantsa ta kumbura ta yi zafi, madara ta zo da gudaji ko ta tsinke ta koma ruwa-ruwa, wani lokaci da jini. Wanda Ikolai ko Kilebsiyela ta haddasa yakan zo da zazzaɓi, saniya ta daina cin abinci, har ta kai ga mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a gaggauta ba. Wadda ta tsira kuma tana iya rasa kashi ɗaya na hantsarta har abada. Kashi biyun baya su ne ke ba da kimanin kashi 60 cikin 100 na madara, kuma su ne suka fi kusa da inda kashi ke faɗawa.

Ɗauki misalin saniya mai ba da lita takwas a rana. Idan kwanakin magani da na jiran maganin ya fita daga jikinta suka kai mako guda, lita 56 ke nan ba za su shiga kasuwa ba. Ka lissafa wannan da farashin lita a garinku, ka ƙara kuɗin magani da na likita, sannan ka kwatanta da kuɗin yashin da zai ishe ta.

Amma asarar da ta fi yawa ita ce ta ciwon ɓoye. Hantsa lafiya lau a ido, madara fara tas, alhali kuwa cuta na ciki tana cin naman da ke samar da madara. Saniya takan rage bayarwa a hankali, mai ita ya ɗora laifin a kan rani ko ƙarancin dusa. A duk garken da aka ga saniya ɗaya mai kumburi, galibi akwai wasu da dama masu ciwon ɓoye. Ana gane su ne ta yawan fararen ƙwayoyin jini da jiki ke turawa cikin madara domin yaƙar cutar. Idan suka haura 200,000 a cikin mililita ɗaya, alama ce ta cewa akwai cuta a hantsar.

Irin wannan madara takan yi ɗan gishiri-gishiri, ba ta jimawa take lalacewa, kuma sinadarin da ke sa ta daskare yana raguwa. Matan da ke yin wara da ruwan tumfafiya a Kwara da Oyo za su ga abin da suke samu daga ƙwarya guda ya ragu. Madarar da ke ɗauke da ragowar maganin allura kuwa takan ƙi kwanciya ta zama kindirmo, domin maganin yana kashe ƙwayoyin da ke sa ta yi tsami. Cibiyar karɓar madara za ta mayar da ita, kuma shan ta yana da illa ga iyali. To ka ga ƙazantar turke tana bin madara har cikin ƙwaryar uwargida.

Wace shimfiɗa ta fi?

A ganinmu yashi mai tsabta shi ne kan gaba a duk inda ake samunsa. Babu abincin ƙwayoyin cuta a cikinsa, ruwa na tsanewa ta cikinsa, yana da sanyi lokacin zafi, kuma yana lotsawa daidai da jikin saniya. A zuba shi da kaurin santimita 15 zuwa 20, a tabbata babu tsakuwa mai kaifi ko laka a ciki. Aibinsa shi ne nauyi wajen ɗauka, yana kuma toshe magudanar ruwa idan ba a kula ba. Yashin da aka bari ya cakuɗe da kashi ya rasa duk fifikonsa.

Dusar katako tana da araha a garuruwan da ke da injinan yanka katako, musamman a kudancin ƙasar nan. Sai dai ɗanyar dusa mai danshi sananniyar matattarar Kilebsiyela ce. Idan ita za ka yi amfani da ita, ka shanya ta ta bushe sarai, ka adana ta a ƙarƙashin rufi, ka zuba kaɗan-kaɗan kana sauyawa kullum. Haka hukuncin yake ga ɓuntun shinkafa da tattaka da ɓawon gyaɗa. Dukkansu suna da amfani muddin a bushe suke, kuma suna komawa abincin cuta da zarar sun jiƙe. Wanda ya yi funfuna kada a kusanto da shi.

Daɓen siminti tsirara yana da sauƙin wankewa, shi ya sa masu gina sabbin ɗakunan shanu ke son sa. Amma yana goge gwiwa da ƙafafun saniya har su yi gyambo, yana da santsi idan ya jiƙe, kuma saniyar da ta ji tauri takan ƙi kwanciya ko ta koma ta kwanta a inda kashi ya taru domin can ne ke da laushi. Idan ka yi daɓe, ka ɗora masa shimfiɗa. Ko tabarmar roba ce ka saya, tana buƙatar a barbaɗa mata busasshiyar dusa domin ta tsotse danshi.

Wanda shanunsa ke kwana a kan ƙasa a fili, ya zaɓi tudu, ya cike ramukan da ruwa ke kwanciya, ya yi wa wurin gangare na santimita biyu zuwa uku a kowace mita, ya haƙa lambatu ta bayansa. Idan fili ya wadata, ya raba shi biyu yana sauyawa, ɗaya na shan rana yayin da shanu ke kwana a ɗayan. A yankunan da damina ke kaiwa wata shida ko bakwai, rumfa mai tsayi wadda iska ke ratsawa wajibi ce ga shanun tatsa. Kada kuma a cunkushe su. Saniya matsakaiciya tana buƙatar wurin kwanciya da bai gaza murabba'in mita shida ba, manyan 'yan ruwa-biyu kuwa fiye da haka.

Gwaji mai sauƙi shi ne ka durƙusa da gwiwoyinka a daidai inda hantsar saniya ke sauka, ka ɗan jima. Idan ka tashi wandonka ya jiƙe, makwancin bai dace da ita ba. Ka dubi cinyoyi da hantsar shanunka da safe. Idan sun yi kaca-kaca da kashi, ba ka buƙatar wani gwajin.

Aikin kowace rana

1. Kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa safe da yamma, musamman ta wajen bayan saniya, ka cike gurbin da busasshiya.

2. Tara abin da ka kwashe nesa da turke da wurin tatsa, domin rage ƙudaje. Ƙudaje na ɗaukar cuta daga nono zuwa nono.

3. Wanke hannu da sabulu kafin tatsa. Idan kan nono ya ɓaci, wanke shi kaɗai da ruwa mai tsabta, kada ka kwarara ruwa a kan hantsa gaba ɗaya, domin ruwan zai gangaro da datti zuwa ƙofar nonon. Ka goge ya bushe, kowace saniya da tsummanta.

4. Tatsi ɗigon farko daga kowane nono cikin baƙin kofi ka duba ko akwai gudaji. Kada ka tatsa shi a ƙasa.

5. Fara da karsana masu haihuwar fari da shanu masu lafiya, ka bar mai ciwo zuwa ƙarshe.

6. Bayan tatsa, kuma bayan maraƙi ya gama sha, tsoma kowane kan nono cikin ruwan aidin da aka haɗa musamman domin wannan aiki.

7. Zuba wa shanu harawa ko dusa nan take bayan tatsa, domin su ci gaba da tsayuwa aƙalla rabin awa. Wannan mataki ba ya cin ko kwabo fiye da abincin da dama za ka ba su.

8. Cire kaska daga hantsa da wuri. Raunin da kaska ke bari a kan nono ƙofa ce ta cuta, yana kuma iya lalata nonon gaba ɗaya.

Kada ka manta da saniya mai ciki wadda aka daina tatsa. Da yawa sukan tura ta lungun da ya fi kowane ƙazanta, tun da ba ta kawo kuɗi a lokacin. Alhali makonni biyun farko bayan daina tatsa da makonni biyun ƙarshe kafin haihuwa suna cikin lokutan da hantsa ta fi saurin kamuwa. Ciwon da ya bayyana kwanaki kaɗan bayan haihuwa sau da yawa tun a lokacin ya shiga. Wurin haihuwa shi ya kamata ya fi ko'ina bushewa.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce kakanninmu ba su san yashi da aidin ba, kuma shanunsu sun rayu. Gaskiya ne, amma shanunsu ba sa kwana a turke ɗaya shekara guda, kuma maraƙi ne ke shanye mafi yawan madarar, yana tsotse hantsa tas a kowace rana. Wanda ya bar tsarinsu na ƙaura ya kamata ya nemi abin da zai maye gurbinsa.

Wani zai ce aikin ya yi yawa, ga tsadar leburori. Ba mu musanta cewa aiki ne ba. Sai dai abin da ake kwashewa taki ne, kuma a wannan zamani na tsadar takin zamani, kashin shanu da aka tara ya ruɓe kaya ne mai kasuwa wurin manoman masara da na lambu. Yana iya biyan wani ɓangare na ladan mai shara.

Wani kuma zai ce ai magani na nan a kasuwa. Allura ba ta mayar da naman hantsar da ya riga ya mutu, kuma saniyar da aka yi wa magani aka mayar da ita cikin caɓin da ya sa mata ciwon, za ta sake kamuwa. Yawan allurar da ake yi ba bisa shawarar likita ba yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, a jikin dabba da na mutum. Magani yana da muhallinsa, kuma likitan dabbobi ne zai faɗi wanda ya dace da kwanakin da za a zubar da madara.

Ya zama wajibi mu ƙara da cewa tsaftar makwanci ita kaɗai ba ta kawar da ƙwayoyin da ke yaɗuwa ta hannun mai tatsa. Shi ya sa muka haɗa ta da tsaftar tatsa a jerin da ke sama. Domin gano ciwon ɓoye, ka nemi malamin dabbobi ya koya maka gwajin Kalifoniya, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1957. Faranti ne mai gurbi huɗu, ana tatsa madarar kowane nono a gurbinsa, a zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, a juya a hankali. Gurbin da ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa ya nuna kashin hantsar da ke da cuta. Yin wannan sau ɗaya a wata ya wadatar. Idan ciwo ya yawaita a garke ko ya ƙi jin magani, likita zai iya aika samfurin madara zuwa ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, domin a san ainihin ƙwayar da maganin da ke kashe ta.

Kammalawa

Kiranmu ga malaman gona da shugabannin ƙungiyoyin masu madara shi ne, duk lokacin da suka ziyarci garke su fara da duba makwanci kafin su buɗe jakar magani. Masu raba ingantattun shanu ga makiyaya kuma su tabbata an tanadi busasshen wurin kwana kafin saniya ta iso. Kai kuma ɗan'uwa makiyayi, kada ka jira damina ta sauka. Tun da rani ka cike ramuka, ka gyara rumfa da lambatu, ka tara yashi ko busasshiyar dusa a inda ruwa ba zai taɓa ba. Gobe da asuba, kafin ka ɗauki ƙwaryar tatsa, ka je ka duba inda shanunka suka kwana. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi mafi kusa da kai.